Filin Da Babu Kowa

Maharazu da hannunsa ya shafa wa wurin ruwan ɗorawa. Ba wanda ya tilasta shi, ba wanda ya rufe masa ido. A ofishinsu, ruwan ɗorawa a kan taswira yana nufin fili ne wanda babu kowa, babu mai shi sai gwamnati. Da ya gama shafawa sai ya zana tashar manyan motoci a kai, mai cin tirela ɗari biyu, har da wurin wanki da rumfunan masu abinci. Ya jingina da kujera yana yaba wa kansa. Kwana tara zanen ya yi a haka.

Shekararsa bakwai a Dubai, yana aiki da wani kamfanin tsara garuruwa, a hawa na goma sha huɗu na wani bene mai kallon ruwan Deira. Shi kaɗai ne Bahaushe a wurin. Yana kwana a unguwar Karama, a wani gida da aka yanka falonsa da katako aka fitar da ɗakuna uku. Maƙwabtansa mutanen kirki ne, amma tsakaninsa da su sai ɗaga hannu a bakin banɗaki. Akwai makon da zai shige tun daga Litinin har Juma'a bai furta kalmar Hausa ko ɗaya ba, in ka cire tsakin da yake ja in jirgin ƙasa ya tashi ya bar shi.

Don haka ranar da aka ce gwamnatin jiharsu ta ba kamfanin aikin tsara babbar kasuwar hatsi, kuma a gefen ƙauyensu Kwarin Maje za a yi ta, Maharazu ya kusa taka rawa a gaban Larabawa da Indiyawa. Shugaban sashensu, Injiniya Khalfan, ɗan asalin Dubai ne mai furfura a gemu da son aiki ya fita a kan lokaci. Ya dafa kafaɗarsa ya ce tunda gidansu ne, gefen gabas nasa ne gaba ɗaya. Aka ba shi hoton da aka ɗauko daga sama, da takardar da ma'aikatan jihar suka cike. A wurin da aka tambayi wuraren tarihi da al'ada da ya kamata a kauce musu, abu biyu aka rubuta: masallacin Juma'a da tsohuwar rijiya. Ya kewaye su da kore, ya wuce.

A yi masa adalci kaɗan. Yana ɗan shekara goma sha biyu ya bar ƙauyen zuwa makarantar kwana, daga nan sai hutu. Kuma bai taɓa ganin garinsu ta sama ba. Ɗakunan ciyawa sun koma kwano, sabon titi ya ratsa gonaki ya juya wa gari fuska, hoton kuma da rani aka ɗauke shi, komai ya yi fari fat. Abin da ya gani a gabas da gari wani fili ne mai tsirarun sabara, ba gini, ba kunyar noma, ba shinge. Ko wane ne aka ba, ruwan ɗorawa zai shafa.

Ranar Alhamis ya zauna duba inda ruwan sama zai bi ya fita daga tashar. Ya bi rafi a kan allon kwamfuta har inda ya yi gwiwa. A nan ya ga wata inuwa mai faɗi, ya san kuka ce. Bayanta kuma wasu ƙananan inuwoyi uku a jere, kamar an auna su da igiya. Ya ƙara girman hoton. Ya sake ƙarawa har ya dagule.

Aduwa uku a jere. A duk faɗin Kwarin Maje aduwar da yara ba sa jifa ke nan. In suna dawowa daga gona da mahaifiyarsa suka zo daidai nan, sai ta rage murya, ta gyara mayafi, ta yi sallama ga mutanen da shi ba ya gani. Ya taɓa sunkuyawa ya tsinci ɗa ɗaya da ya faɗo, ta doke hannunsa. “Wannan ba a sha,” ta ce. “Bayanta makabarta ce.”

Yanzu kuma ita ma tana ciki.

Shekara uku ke nan. Ƙanwarsa Ramlat ta kira shi da hantsin wata Talata, yana tsakiyar taro, fasfonsa kuma yana wurin sabunta biza. Kafin a yi la'asar a Dubai an riga an dawo daga kai Umma. Haka ake yi, ba a ajiye gawa don jiran ɗan da ke wata uwa duniya, shi ma ya sani, bai ga laifin kowa ba. Ya ce zai zo sadakar arba'in, bai zo ba. Ya ce sai babbar sallah, ta zo ta wuce har sau uku. Gaskiyar da bai gaya wa kowa ba ita ce tsoro yake ji ya shiga gidan ya yi sallama, muryar da ta saba amsawa ba ta amsa ba. Bai taɓa tsayawa a kan kabarinta ba. Ga shi kuma ya ɗora mata tirela ɗari biyu.

Ya fita baranda inda masu shan taba suke tsayawa, zafi ya mare shi, ya kira Ramlat.

“Yaya, lafiya? Ba ka saba kira da rana ba.”

“Ramlat, mutanen gwamnati da suka zo kan maganar kasuwa, wa suka tambaya?”

“Dattawa suka tara a ƙofar gidan mai gari. Malam ma ya je.” Mijinta take nufi. “Suka ce ko akwai kayan tarihi a nuna musu. Aka kai su masallaci, aka kai su rijiya.”

“Makabarta fa?”

“Yo makabarta tarihi ce, Yaya? Ba ko jiya aka kai mutum ba?”

“Ba wanda ya gaya musu tana nan?”

“A gaya musu me? Wa bai san makabarta ba?”

To ka ji. Mutanen Kwarin Maje ba ɓoye ta suka yi ba. Kawai bai zo musu a rai ba cewa akwai ɗan Adam mai ido biyu da zai dubi bayan aduwa uku ya ce fili ne. Ba sa kafa dutse, ba sa rubuta suna, ba sa zuba siminti. Ƙasa ake tarawa, a ɗora ƙaya saboda dabbobi, damina biyu ta daka ta kwanta. Katangar wurin a cikin kan mutane take, kuma ba ta taɓa rushewa ba, sai dai na'urar da ke sama ba ta ganin cikin kan mutum.

Ya roƙi Ramlat ta ɗauko masa hoto. Ta ce ai ya san mata ba sa shiga, sai dai ta tsaya daga hanya. Ta tsaya daga hanyar, ta turo guda biyar.

Injiniya Khalfan ya sa tabarau ya dubi hotunan ɗaya bayan ɗaya a wayar Maharazu. Da Turanci suke magana, yana yi yana yayyafa Larabci.

“Habibi, ni ciyayi nake gani. Ina kaburburan?”

“Suna ƙarƙashin ciyayin, ranka ya daɗe.”

“Mu ma ba mu rubuta suna. Kakana yana kwance can Deira, ba suna a kansa. Amma akwai dutse a kai da ƙafa, akwai katanga.”

“Ƙasarmu jigawa ce, ba mu da dutse. Katanga kuma ba mu taɓa bukata ba.”

Khalfan ya cire tabarau ya murza ido. Ba mugun mutum ba ne. Shi ne ya taɓa karkatar da titi guda saboda wata tsohuwar bishiya da raƙuman mahaifinsa suka sha inuwarta. Amma waccan bishiyar tana da lamba a jikinta, tana cikin littafin hukuma.

“Takardar gwamnatinku ta ce babu komai,” ya ce. “Ba zan iya ɗaga tasha guda in ce wani ma'aikacina ya tuna yarintarsa ba. Kawo mini layi. Daga ina ta fara, a ina ta ƙare, da lambobin wurin. Litinin da safe zane zai tafi, in ya tafi kuma khalas, shi ke nan, sai katafila. Yalla, ka nemo.”

Ranar Juma'a bayan an sauko, Maharazu ya hau kwalekwale ya tsallaka Deira, ya hau benen da wata Bakanuwa ke sayar da tuwo. Yakan je ne ba don tuwon ba, don ya ji Hausa tana tashi a kusa da kunnensa. 'Yan kasuwa sun cika wurin, kowa da waya biyu.

“Wallahi container ɗin tana tashar ruwan Jebel Ali tun Monday.”

“Shwaiya shwaiya, Alhaji, agent ɗin ya ce gobe inshallah.”

“Injiniya, sannu da zuwa,” wani ya ce masa, ya juya ya ci gaba da maganar cargo.

Injiniya suke ce masa duka, don ba wanda ya riƙe sunansa. Ya so ya ja hannun wani ya ce masa, ka ji abin da na yi wa uwata. Ya duba fuskokin, kowa jibi zai hau jirgi ya koma gidansa ya tarar da mutanensa. Ya cinye tuwon bai ji ɗanɗanonsa ba. A hanyar komawa ya bi ta gefen wata doguwar katanga mai ruwan ƙasa, benaye sun kewaye ta ta ko'ina amma ba wanda ya taɓa ta. Ya leƙa ta ƙofar ƙarfe. Yashi ne da ƙananan duwatsu bibbiyu. Ya daɗe a tsaye yana kishin matattun wasu.

Mutum ɗaya ne ya san layin da Khalfan yake nema. Baba Salmanu ya gaji haƙan kabari daga mahaifinsa, ya haura shekara saba'in, gwiwa ɗaya ta ƙi shi. Ba shi da waya, ba ya son ta. Ramlat ta je har zaurensa ta miƙa masa tata.

“Baba, Maharazu ne, ɗan Hadijatu. Ina wuni?”

“Lafiya lau. Kai ne ka ƙi gida?”

Maharazu ya haɗiye wannan. Ya yi masa bayanin kasuwa, da tasha, da katafila. Bai ce shi ya zana ba.

“A kan mutane?” in ji tsohon.

“Ba su san da su ba, Baba. Suna so a nuna musu iyaka.”

“Iyaka ba a rubuce take ba. A ƙafata take.”

“Ita nake so ka ara mini. Gobe da safe Ramlat za ta kunna wani abu a wayarta, ta sa maka a aljihu. Ba sai ka taɓa komai ba. Ka kewaye makabartar kawai, ta bakin iyaka. Duk inda ka taka ina gani daga nan.”

“Daga ƙasar Larabawan?”

“Daga nan. Kamar ina biye da kai.”

“Kamar kana biye da ni,” tsohon ya maimaita a hankali. “To. Allah ya kai mu.”

Asabar ba a aiki. Maharazu ya karɓi makulli a wurin mai gadi, ya hau hawa na goma sha huɗu shi kaɗai. Kujeru arba'in babu kowa, sai kukan na'urar sanyaya ɗaki. Ƙarfe goma da rabi a Dubai, bakwai da rabi a Kwarin Maje, wani shuɗin ɗigo ya bayyana a kan allonsa, daidai gindin kuka. Ya tsaya cak. Can sai ya motsa.

Tafiyar tsoho ce mai ciwon gwiwa. Ɗigon yakan ɗan gusa, ya huta, ya sake gusawa. Duk inda ya kai, Maharazu yana dasa alama a kan taswira. Ya bi bayan aduwa ta farko, ta biyu, ta uku. Ya karkata arewa ya bi gefen wata gona. A nan Maharazu ya ga abin da bai sani ba: wurin ya fi yadda yake zato nesa ba kusa ba. Ɗigon ya wuce inda ya zana rumfunan masu abinci, ya wuce wurin wanki, ya shiga wani sashe da ko sabara babu. Tsofaffin kaburbura ne, na mutanen da ba wanda ya rage da ya san sunansu. Tsohon bai yanke hanya ya bar su a waje ba, ya kewaye su duk da gwiwar tasa.

Ya ci kashi biyu cikin uku na kewayen, sai ɗigon ya bar layi. Ya juya ya nufi ciki.

“A'a, Baba,” Maharazu ya faɗa da ƙarfi a cikin ofishin da babu kowa. “Ba nan ba. Bakin iyaka na ce.”

Ɗigon ya ci gaba da shiga, yana ɗan kauce-kauce kamar mai gudun taka wani abu. Ya yi taku kamar arba'in. Sai ya tsaya.

Minti ɗaya. Biyu. Maharazu ya duba ko sabis ne ya ɗauke, bai ɗauke ba. Ya tashi ya zauna. Ko gwiwar ce ta ci amanarsa ya faɗi? Ba damar ya kira Ramlat, wayarta ce a aljihun tsohon. Ya kira mijinta, a kashe. Minti biyar. Ya fara zagin kansa da ya tura dattijo cikin ƙaya shi kaɗai don gyara ɓarnar da shi ya yi daga kan kujera mai juyawa. Minti bakwai, ɗigon ya motsa. Ya dawo ta inda ya shiga, ya hau layi daidai inda ya bar shi, ya ci gaba kamar ba abin da ya faru. Ƙarfe goma sha biyu saura ya rufe kewayen a gindin kuka.

Layin ya fito tsaf, sai wannan tsinke ɗaya da ya soki cikinsa ya ɓata shi. Maharazu yana shirin goge shi Ramlat ta kira, ta ce ga Baba.

“Ka gani?” tsohon ya tambaya, yana haki.

“Na gani, Baba. Allah ya saka da alheri. Amma a wajen arewa ka ratse ka shiga ciki, ka daɗe. Hankalina ya tashi. Ƙafar ce?”

“Ƙafa lafiyarta lau. Ba kai ka ce kana biye da ni ba?”

“Ni na ce.”

“To kai ka na yi wurin mahaifiyarka. Shekara uku ba ka zo ba, yau ka zo, sai in wuce da kai ta bayanta? Na ce mata ga Maharazu. Na tsaya maka ka yi addu'a. Ka yi?”

Minti bakwai aka ba Maharazu a kan kabarin uwarsa, ya ƙarar da su yana duba sabis.

“Ban sani ba, Baba,” ya ce da ƙyar. “Ban san nan ba ne.”

“Yanzu ka sani.”

Da wayar ta yanke, ya jawo kujera ya matso da allon. Ya ƙara girman ƙarshen tsinken. Babu komai a wurin sai fari da wata 'yar inuwar sabara, a ƙarƙashin layin da ya zana na inda tirela ta sittin da ɗaya za ta tsaya. Ya ɗaga hannuwansa biyu. Ya fara addu'ar, kuka ya ƙwace masa, irin wanda bai yi ba ranar Talatar nan saboda yana cikin taro. Ba wanda ya ji shi, ba kuma wanda ya ce masa ya yi haƙuri.

Litinin da sassafe Khalfan ya tsaya a bayansa da kofin shayi, ya bi layin da ido, ya karanta lambobin.

“Wa ya auna?”

“Mai haƙan kabarin garin. Da ƙafarsa.”

“Ta kai haka girma?”

“Ta kai.”

Khalfan ya sa yatsa a kan tsinken. “Wannan kuskure ne. Goge shi kafin mu tura.”

“Ba kuskure ba ne, ranka ya daɗe. Nan mahaifiyata take.” Ya ɗan dakata, sannan ya ƙarasa abin da ya kasa gaya wa Baba Salmanu. “Kuma ni na zana tashar a kanta.”

Khalfan ya janye yatsansa daga allon. Ya ajiye kofin.

“Allah yarhamha,” ya ce a hankali. Ya daɗe yana kallon taswirar. “Mayar da tashar kudu da titi. Za mu rasa tirela hamsin, zan yi musu bayani. Ka rubuta sunan dattijon a ƙasa, a matsayin wanda ya auna.”

Ya tafi. Maharazu ya ɗebe tashar gaba ɗaya, ya kankare ruwan ɗorawa, ya zuba kore a cikin layin. Ya tsaya a kan tsinken. Ya yi tunanin barin ko ɗan ɗigo ne a ƙarshensa, alama ɗaya tak, wa zai hana shi? Sai ya tuna a wurin nan ba wanda aka rubuta wa suna, daga mai gari har baƙon da ya mutu a kasuwa. Ya goge shi, Umma ta koma cikin mutanenta.

A ƙasan taswirar ya rubuta: Salmanu, Kwarin Maje. Ya tura zanen. Sannan ya ɗauki waya ya fita baranda.

“Yaya, yau ma da rana?”

“Ramlat, ki gaya wa Baba an ɗage tashar.”

“Alhamdu lillahi!”

“Ki kuma ce masa ya lallaɓa gwiwar nan zuwa ƙarshen wata. Akwai taku arba'in da zai sake yi da ni.”